Kalandar wayata ta cika ta batse, yaya zan gyara ta in riƙa ganin abin da ke gabana?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu amfani da Google Calendar. Ina koyarwa a Islamiyya daga Asabar zuwa Laraba, Alhamis da Juma'a muna hutu. Yarana kuma suna boko Litinin zuwa Juma'a. Ga ɗinki da nake karɓa a gida, kowanne da ranar da na yi wa mai shi alkawari, ga biki da suna na dangi da ba sa ƙarewa. Duka na zuba su a kalandar, yanzu in na buɗe sai layuka birjik, launi iri ɗaya, ba na gane na gaggawa da wanda zai iya jira. Abu uku nake so: mako ya fara daga Asabar, in riƙa ganin kwanan watan Musulunci kusa da na Bature, sannan da na buɗe in gane abin da ke gabana ba sai na yi ta laluba ba. Wanda ya san hanya ya taimaka, Allah ya ba da lada.

Injiniya_Kabuga:
Wa alaikumus salam Malama. Biyun farko ba su da wuya. A waya ki danna layuka ukun nan da ke sama ta hagu, ki gangara ki shiga saiti, ki buɗe sashen farko. A nan ake zaɓar ranar da mako zai fara, zaɓi uku ne: Asabar, Lahadi ko Litinin. A shafin dai akwai inda ake ƙara wata kalandar ta riƙa fitowa gefen ta Miladiyya, akwai ta China da ta Farisa da sauransu, Hijiriyya na ciki.

Na ukun shi ne ainihin aikin, kuma ba maɓalli ɗaya ne zai gyara shi ba. Kin tara komai a wuri ɗaya ne. Asusun Google ɗaya yana ɗaukar kalanda da yawa. Ki buɗe ɗaya ki sa mata suna Islamiyya, ɗaya Ɗinki, ɗaya Yara, ɗaya Dangi, kowace da launinta. Kowace tana da ɗan akwati a gefen sunanta. In kin cire alamar da ke ciki, duk abin da ke cikinta zai ɓuya, ba gogewa zai yi ba, kina mayarwa ya dawo. Ranar da wata ta zo da atamfa tana tambayar yaushe za ta samu, sai ki kashe sauran ukun ki bar Ɗinki kaɗai, nan take za ki ga inda ke da fili.

Telan_Fagge:
Injiniya ya yi magana, amma in gyara masa abu ɗaya a matsayina na mai sana'ar. Kada ta kashe ta Islamiyya da ta Dangi lokacin da take ba da rana. In ta bar Ɗinki kaɗai za ta ga Asabar fes babu komai, ta yi alkawari, alhali ranar tana aji da safe, da yamma kuma akwai kamu. Abin da ke hana tela cika alkawari ba yawan ɗinkin ba ne kawai, har da sauran hidimomin da bai lissafa ba.

Sannan kowane ɗinki ki sa masa rana biyu Hajiya: ranar da za ki yanka, da ranar karɓa. In ranar karɓa kaɗai kika sa, sai ta iso sannan kalandar za ta yi miki magana, lokacin kuwa babu abin da za ki iya.

Maman_Ihsan:
Ni ma matsalata ke nan. @Injiniya_Kabuga na duba a wayata ban ga inda ake buɗe sabuwar kalanda ba.

Injiniya_Kabuga:
@Maman_Ihsan ni ta burauza nake buɗewa, ba ta cikin manhajar ba. In babu kwamfuta, ki shiga shafin kalandar ta Chrome ki sa ya nuna miki shi kamar na kwamfuta. Ta hagu akwai alamar tarawa kusa da jerin sauran kalandu, nan ne. Sau ɗaya ake yi. Bayan nan ki koma manhajar, in sabuwar ba ta fito ba ki shiga saiti, ki taɓa sunanta, ki kunna daidaitawa. Wannan matakin na ƙarshe shi ne yawanci ake tsallakewa, sai mutum ya ɗauka aikin bai yi ba.

@Telan_Fagge na karɓi gyara, gaskiyarka ne.

Abu_Maryam_Zariya:
Malama, maganar Hijiriyya nake so in tsaya a kai, domin ke mai koyarwa ce, abin da kika faɗa wa yara shi za su kai gida. In kin shiga wurin zaɓen za ki ga Hijiriyyar ba ɗaya ba ce: akwai ta Saudiyya, akwai ta Kuwait, akwai ta lissafi zalla. Ta Saudiyya ita ce kalandar Ummul Ƙura da hukumomin can ke aiki da ita, an gina ta ne a kan lissafin falaki. Ta lissafi zalla kuwa ba ruwanta da sama: Muharram 30, Safar 29, haka ake ta jerawa, sannan a cikin kowace shekara 30 a ƙara wa Zul Hajji kwana ɗaya a shekaru 11. Babu ɗaya daga cikinsu da ta dogara da ganin wata a Najeriya. Mu kuwa sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi muke jira bayan kwamitin duban wata ya kai masa rahoto. Don haka wani watan za ki ga wayarki ta ce 2, mu muna 1. Ki zaɓi ta Saudiyya, ita ta fi kusa, amma ki ɗauke ta a matsayin ƙiyasi.

Abu na biyu, kwanan watan yana fitowa ne don gani kawai. In kin sa abu ya riƙa maimaituwa duk shekara, Miladiyya zai bi. Shekarar Hijiriyya kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 12. In kin sa hutun azumi bana kika ce ya maimaita, baɗi zai fito ne bayan an yi nisa da azumi. Irin waɗannan da hannu ake sa su kowace shekara. Wannan tazarar ce ma ta sa ake sa ran Ramadan zai shigo sau biyu a 2030, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba.

Ɗan_Maraɗi:
Gaskiya ne Malam. Mu nan Nijar hukumominmu ke ba da tasu sanarwar, kuma an sha yin Salla rana daban da Najeriya alhali Maraɗi da Katsina ba nisa. Ni da nake hulɗa da ɓangarorin biyu na ƙara ranakun hutun ƙasashen biyu a salulata, kowace da launinta. Ina ganin 3 ga Agusta da 18 ga Disamba namu, ina ganin 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba naku, ba na aika yaro banki ko ofis ranar da ke rufe. Waɗannan ba sa motsi. Na Salla da Mauludi da ke fitowa a ciki su ne ba na gina tafiya a kansu sai an faɗa a rediyo.

Kuma ku duba tsarin awa. Mu mun saba da 16h, ba 4 na yamma ba. A saiti ana iya mayar da shi na awa 24, babu sauran rikicin safe da dare.

Sakatare_KD:
Gargaɗi ga Malama: a kwamfuta akwai zaɓin ɓoye ƙarshen mako, mutane suna yawan ba da shawararsa don allo ya yi fili. Ke kada ki taɓa shi. Asabar da Lahadi yake ɓoyewa, ko da kin mayar da farkon mako Asabar, su kuwa ranakun aikinki ne.

Abin da zai yi miki amfani shi ne tsarin da mutum ke zaɓa da kansa, daga kwana 2 zuwa 7, ko mako 2 zuwa 4. Ni mako biyu na zaɓa. Mako ɗaya ya yi mini kaɗan in oga ya ce a nemo masa rana, wata guda kuma rubutun ƙanƙancewa yake yi har ya ɓoye wasu ya ce akwai saura. Akwai kuma dabarar ƙaramar kalandar nan ta hagu: ki danna Asabar ki ja zuwa Laraba, kwanakin nan biyar kaɗai za su fito. Tun da aka koma aikin kwana huɗu a Kaduna a Disambar 2021 nake yin haka, in ja Litinin zuwa Alhamis.

Masu kwamfuta, danna haruffan nan yana sauya tsarin da kalandar ke fitowa, yana rage wahala: d yini, w mako, m wata, a jeri, t ya dawo da kai yau.

Baba_Mai_Ritaya:
Ku yi mini afuwa 'ya'yana, na karanta duka. Ni tambayata, duk wannan aikin na mene ne? Kalandar bango da ake rabawa a masallaci tana da kwanan wata biyun, tana da lokutan salla, ba ta neman caji ba ta neman data, kowa a gida yana ganinta har yaran. Na yi aikin gwamnati har na ajiye da ita da ɗan littafi a aljihu. Ba ina raina abinku ba ne. Amma abin da na lura, na'urar nan ƙarfe nawa take tambaya, mu kuwa ba haka muke alkawari ba. Cewa muke bayan La'asar, ko in an sauko daga masallaci, ko da hantsi. Wanda ya ce maka bayan La'asar bai yi ƙarya ba kuma bai yi sakaci ba, lokaci ne sananne da kowa ya yarda da shi. Ina tsoron kada yaranmu su tashi suna ganin tsarinmu shi ne rashin tsari.

Hajiya_Kwari:
Baba Allah ya ƙara girma. Maganarka ta ƙarshe ta shige ni, kuma ni ma akwai ta bango a shagona. Sai dai ita ba ta san ƙarfe nawa ne a Guangzhou ta China ba. Suna gabanmu da awa 7. Ƙarfe 9 na safe a Kano ƙarfe 4 na yamma ne a can, kafin mu gama buɗe shago su suna shirin tashi. Dubai awa 3 ne, Makka awa 2. Ɗana ya kunna mini agogo na biyu a kwamfutar shago, yanzu gefen kalandar layi biyu ne, ɗaya Kano ɗaya China, kafaɗa da kafaɗa. Da na gan shi a ido sai na gane cewa daga bayan Asuba zuwa wajen 11 ne kawai lokacin da zan same su a bakin aiki. Na shafa wa wannan tsakanin launi daban, ba na sa komai a ciki ranar da nake jiran maganar kaya. Dubai da Makka kuma na sa su a ƙananan agogunan da ke fitowa ta hagu.

Zango_Kumasi:
Mu a Ghana muna bayanku da awa ɗaya. Ƙaramar tazara ce, shi ya sa aka fi mantawa da ita. In an sa karatu ta Zoom daga Kano ƙarfe 8, mu 7 ne. Don Allah masu shirya karatu ku riƙa aiko gayyata ta kalanda maimakon hoto a WhatsApp, ita tana juya wa kowa zuwa agogon garinsu.

Ɗalibi_a_Leeds:
@Zango_Kumasi naku da sauƙi tun da ba ya canzawa. Ingila tana tura agogo gaba da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, ta dawo da shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Tsakanin nan agogonmu ɗaya da Kano, daga Oktoba zuwa Maris kuma muna baya da awa ɗaya. Ina ɗaukar karatu wurin wani malami a gida duk mako. Abin da ya kamata a sani: lokacin da kake sa abu mai maimaituwa, akwai wurin zaɓar agogon ƙasar da zai bi. Na zaɓi na Najeriya, da sunan Legas yake fitowa. Ta haka lokacin Malam ba ya motsi, nawa ne ke sauyawa, kuma haka ya dace, ɗalibi ne ke bin malami. Na Amurka ranakun canjinsu daban ne, Maris da Nuwamba, masu 'yan uwa a can su kula.

Dillalin_Shanu:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, yarona ya saita mini. Makona kasuwa ce ke tsara shi: Laraba Potiskum, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil. Ya sa su a matsayin abin yini guda, ba mai awa ba, suna maimaita kansu duk mako. Sai su hau can sama kamar tambari, ƙasa kuma ya rage fili na sa wanda zan gani da wanda zan karɓi kuɗi a hannunsa. Ya kuma fito mini da ita fuskar waya, ba sai na buɗe komai ba, ina kunna waya ina ganin na yau da na gobe. Malama ki sa a yi miki wannan na fuskar waya, shi ya fi komai amfani a wurina.

Nas_Mai_Dare:
Ni jadawalin aikin asibiti ne ya kawo ni ga kalandar. Safe, yamma, dare, kuma ba ya bin mako. Launi uku kawai nake amfani da su: rawaya safe, kore yamma, shuɗi mai duhu dare. Akwai launi 11 da za a iya ba kowane abu, amma shawarata @Ummu_Sadiq kada ki wuce huɗu ko biyar. In suka yi yawa sai kin tsaya tuna me ruwan hoda ke nufi, an koma gidan jiya. Ja kuma ki ajiye shi don abin da in ya wuce akwai asara ko jin kunya, kada ki ba wa wata kalanda shi gaba ɗaya.

A waya tsarin kwana uku na fi so. Na mako yana matse rubutu har sai harafi biyu uku kake gani. Kwana uku kuwa ina ganin daren da zan yi, da safiyar da zan sauka, da abin da ke bayanta. Safiyar saukowa ina toshe ta da kaina in rubuta barci, don kada in ga fili in karɓi wata hidimar.

Telan_Fagge:
Ni kuma jeri na fi so, wanda ke kawo abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba akwatuna. Tsarin wata sai Salla ta gabato nake buɗe shi, in ga ko makonni biyun ƙarshe sun cika in daina karɓa.

Ummu_Sadiq:
Jazakumullahu khairan, ban zaci zan samu amsa haka ba. Ƙanina ya taya ni mun buɗe guda huɗun, mako ya koma Asabar, Hijiriyya ta fito. Malam Abu Maryam na riƙe gargaɗinka. Yanzu ina kan kwashe tsofaffin abubuwa ina mayar da kowanne gidansa. Wata tambayar: wata abokiyar aikina ta ce ana iya shigar da lokutan salla biyar cikin kalandar. In sa? Maganar Baba ce ta tuna mini, domin ni ma yawancin alkawurana da salla nake auna su.

Injiniya_Kabuga:
Ana iya yi, akwai shafukan da ke ba da su a ɗora. Amma ki yi lissafi: salla 5 sau kwana 30, abu 150 ke nan a wata. Cunkoson da kika kawo ƙara a kansa zai dawo ya fi na da. In za ki sa, ki ba su kalandarsu daban da launin toka, ki riƙa kunna ta sai lokacin da kike tsara rana.

Abu_Maryam_Zariya:
Ni ban ga buƙata ba. Ladan yana kira, manhajar kiran salla tana nan ga wanda ke nesa da masallaci. Abin da nake yi, na toshe tsakar ranar Juma'a duk mako don kada wani ya sa mini taro a ciki, shi ke nan.

Game da maganar Baba kuwa, ana iya haɗa biyun. In an ce mini bayan La'asar, a sunan abin nake rubutawa: Bayan La'asar, gaisuwa gidan Kawu. Awar kuma in sa wadda ta yi kusa. Sunan shi ne alkawarin, awar don ya zauna a wurin da ya dace ne kawai a allo. Sai dai a kula da abin da ke maimaituwa duk shekara. Faɗuwar rana a Kano tana motsawa kusan awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli. Karatun bayan Magariba da ka sa da sanyi, in damina ta zo sai ka matsar da shi.

Baba_Mai_Ritaya:
Malam Allah ya yi albarka. Wannan ya kwanta mini. In dai na'urar ce za ta bi mu ba mu za mu bi ta ba, ba ni da ja. Ni dai ina nan da ta bangona, idona ma ba ya son ƙananan rubutun nan.

Sakatare_KD:
Baba ai ana bugawa a takarda. A kwamfuta akwai wurin bugawa, ka zaɓi wata ko mako, ka ƙara girman rubutu, ka sa baƙi da fari. Wani daga cikin yara ya riƙa shigar da hidimomin gida, farkon wata a buga maka ka manna kusa da ta masallacin. Haka nake yi wa ogana, shi ma ba ya buɗe manhajar.

Gwaggon_Yara:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Kalandar nan ƙarfe 12 na dare take sauya rana, mu kuwa da faɗuwar rana. In dattijuwa ta ce miki walimar daren Juma'a ce, Alhamis bayan Magariba take nufi. Yaran yanzu da yawa sai su sa shi a akwatin Juma'a da dare, su zo an riga an watse tun jiya. Har kwanan watan Hijiriyya da ke fitowa a akwatin, na yinin ne, bayan Magariba an shiga na gaba. Wannan ya fi muhimmanci a goman ƙarshe na azumi: daren 27 yana cikin akwatin da aka rubuta 26. Ni in zan rubuta sai in sa duka biyun, Alhamis bayan Isha'i, daren Juma'a.

Maman_Ihsan:
Wallahi Gwaggo wannan ya taɓa raba kan 'yan gidanmu a wani biki. Allah ya saka.

Sahabi_22:
Ni a ganina duk wannan rikicin na kwana ɗaya zai ƙare in aka koma bin lissafi gaba ɗaya. Ilimin falaki ya kai inda za a san haihuwar wata shekaru masu zuwa. Me ya sa za mu zauna ba mu san ranar Salla ba sai daren?

Abu_Maryam_Zariya:
Ɗan uwa, haihuwar wata daban, ganinsa daban, kuma malamai sun daɗe suna tattauna wannan. Ba a nan za mu warware ta ba.

Sahabi_22:
Na sani Malam, amma tela da mai sayar da tikitin mota da ma'aikacin da zai nemi hutu duk suna shan wahalar rashin sanin ranar.

Admin_Zaure:
'Yan uwa mas'alar ganin wata a kai ta zauren addini. A nan a tsaya kan tambayar Malama.

Hajiya_Kwari:
@Sahabi_22 ta fuskar tsari dai akwai mafita. Ni ina toshe kwana biyun da ake zato duka, in rubuta Salla ko jajibiri. In an yi sanarwa in goge ɗaya. Gwamnatin Tarayya ma sai an kusa take faɗin ranakun hutu ta Ma'aikatar Cikin Gida.

Lauya_Bintu:
Tun da an fara maganar sa wa a fuskar waya da raba wa 'yan gida, bari in ja kunne. Rabawa hawa huɗu ce: mutum ya ga kina da uzuri kawai ba tare da sanin mene ne ba, ko ya ga komai, ko ya iya gyarawa, ko ya iya gyarawa har ya raba wa wasu. Wannan wani amfanin ne na raba kalandar gida huɗu da Injiniya ya faɗa. Ta Yara ki ba maigida ya gani ya gyara. Ta Islamiyya ki ba shugaban makaranta ya gani. Ta Ɗinki kuwa akwai sunayen mutane da ƙila har bashin da kike binsu, wannan amana ce, ta tsaya wurinki. Akwai kuma akwatin da ke buɗe kalanda ga duniya baki ɗaya, kada ki taɓa shi, domin har a binciken Google abin zai iya fitowa. @Dillalin_Shanu Alhaji kai ma ka duba, wanda za ka karɓi kuɗi a hannunsa da wurin da za ku haɗu bai kamata ya zauna a fuskar waya kowa na gani ba, balle a kasuwa.

Dillalin_Shanu:
Gaskiya ne ranki ya daɗe. Zan sa yaron ya mayar da su harafi ɗaya ɗaya, ni na san ma'anarsu.

Nas_Mai_Dare:
Haka na yi da maigidana, hawa na farko na ba shi a ta aiki. Yana ganin ina asibiti ko ina gida, ya san ranar da zai ɗauko yara. Wani abin kuma, kowace kalanda tana da tata tunatarwar. Ta aiki awa biyu kafin lokaci, ta dangi kwana ɗaya kafin ranar don in nemi abin da zan riƙe. In waya tana ƙara a kan komai, kunne sabawa yake yi ya daina ji.

Maman_Ihsan:
Tawa kuma ba ta ƙarar ma sam, sai na buɗe nake ganin abu ya wuce.

Injiniya_Kabuga:
@Maman_Ihsan ki duba wurin tattalin batir. Wayoyi da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don caji ya daɗe. Ki cire kalandar daga cikin waɗanda ake takurawa, ki tabbata kuma an ba ta izinin sanarwa. Wanda ke duba imel da safe, akwai zaɓin a riƙa turo masa jerin abubuwan ranar wajen ƙarfe 5 na asuba.

Ummu_Sadiq:
Na ba Abban Sadiq ta Yara kamar yadda Lauya ta ce. Amma ya ce a wayarsa mako daga Litinin yake farawa, kuma launin da na sa kore shi shuɗi yake gani. Wani abu na ɓata ne?

Sakatare_KD:
Ba ki ɓata komai ba Malama. Abubuwan da ke ciki ne kuke tarayya, amma farkon mako da launin kalanda da tsarin da take fitowa, kowa nasa yake saitawa. Shi ma'aikaci ne, Litinin ta dace da shi. Ku dai riƙa kiran rana da sunanta da kwanan wata, kada a ce farkon mako ko ƙarshen mako, tun da naku ba ɗaya ba ne.

Telan_Fagge:
Ni da za ta ji tawa, ita ma ta mayar Litinin. Masu kawo ɗinki da makarantar yara da biki duk a kan makon Bature suke, Islamiyya ce kaɗai ke Asabar. In Asabar da Lahadi suna ƙarshen layi, za ta riƙa ganin biki yana tunkaro ta tun daga Litinin.

Nas_Mai_Dare:
A'a Malam Tela, in ta fara daga Asabar, Alhamis da Juma'a ne za su zauna a ƙarshen layi, su ne kuma ranakun da take da sarari ta zauna kan keke. Ni ina ganin ta bar shi yadda ta sa, ta gwada zuwa bayan Salla.

Telan_Fagge:
To ta gwada, amma ta buɗe tsarin mako biyun da Sakatare ya faɗa, ko Asabar mai zuwa ta riƙa fitowa a layi na biyu. Wannan a kwamfuta ne kawai ko akwai shi a waya?

Sakatare_KD:
A kwamfuta ne. A waya, mai son hango Asabar mai zuwa sai dai ya buɗe tsarin wata ko jeri.